Fitattun mutanen da aka haifa ranar 17 ga Disamba

17 ga Disamba ita ce rana ta 351 a kalandar Miladiyya, ko ta 352 a shekarar da watan Fabrairu ya yi kwana 29. Daga ita saura kwana 14 shekara ta ƙare. An haifi fitattun mutane da dama a wannan rana, a ƙasashe da zamuna daban-daban. Daga cikinsu akwai tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari, da Paparoma Francis, da masanin sinadarai Humphry Davy, da ɗan dambe Manny Pacquiao, da ɗan tsere David Rudisha. Wannan muƙala ta jera wasu daga cikinsu bisa fannonin da suka yi fice, sannan ta yi bayanin yadda ake tabbatar da ranar haihuwa, da kuma dalilin da ya sa haɗuwar manyan mutane a rana guda ba abin mamaki ba ne a wajen masana lissafi.

Ranar a kalanda

Sunan Disamba ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin goma, domin a tsohuwar kalandar Rumawa shekara tana farawa ne daga Maris, don haka Disamba shi ne wata na goma. Daga baya ya koma na goma sha biyu, amma sunan bai canja ba.

A shekara mai kwana 365, duk ranar makon da 1 ga Janairu ta faɗa, nan 17 ga Disamba take faɗawa, saboda tsakaninsu kwana 350 ne, wato mako 50 cif. A arewacin duniya ranar tana zuwa ne a lokacin sanyi, a ƙasar Hausa cikin hunturu, a ƙasashen kudancin duniya kuwa, kamar Ajantina da Ostireliya, lokacin zafi ne.

Siyasa da mulki

* William Lyon Mackenzie King (1874–1950). Firayim Ministan Kanada sau uku tsakanin 1921 da 1948. Jimillar shekarunsa a kan mulki ta haura 21, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa a wannan kujera a tarihin ƙasar. Shi ya jagoranci Kanada a Yaƙin Duniya na Biyu.

* Mohammad Hidayatullah (1905–1992). Masanin shari'a ɗan Indiya. Shi ne Musulmi na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasar, daga 1968 zuwa 1970. Ya riƙe shugabancin ƙasa na ɗan lokaci a 1969, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1984.

* Muhammadu Buhari (1942–2025). An haife shi a Daura, cikin jihar Katsina ta yanzu. Ya shiga aikin soja a farkon shekarun 1960, ya zama gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975, sai kwamishinan man fetur na tarayya a 1976. Ya zama shugaban mulkin soja bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, aka kifar da gwamnatinsa ranar 27 ga Agusta 1985. Ya nemi shugabancin ƙasa a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, sai a 2015 ya kayar da Goodluck Jonathan. Wannan ne karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya. Ya sauka ranar 29 ga Mayu 2023 bayan wa'adi biyu. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura bayan kwana biyu.

Addini

* Paparoma Francis (1936–2025). Sunansa na yanka Jorge Mario Bergoglio, an haife shi a birnin Buenos Aires na Ajantina. Ya zama babban limamin cocin Katolika na birnin a 1998, aka zaɓe shi Paparoma ranar 13 ga Maris 2013. Shi ne na farko daga nahiyar Amurka da ya hau wannan kujera. A Nuwamba 2015 ya ziyarci babban masallacin Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, lokacin da ƙasar ke fama da rikici tsakanin Musulmi da Kirista. A Fabrairu 2019 shi da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a wata takardar 'yan'uwantaka tsakanin al'umma a birnin Abu Dhabi. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025 yana da shekara 88.

Buhari da Paparoma Francis duk ranar Alhamis aka haife su, shekara shida tsakani, kuma duk a 2025 suka rasu, ƙasa da wata uku tsakani.

Kimiyya da lissafi

* Émilie du Châtelet (1706–1749). Bafaranshiya masaniyar lissafi da kimiyyar fiziks. Ta rayu a zamanin da ba a karɓar mata a manyan cibiyoyin ilimi na ƙasarta, sai ta yi karatu a gida a hannun malamai. Ta fassara babban littafin Isaac Newton, *Principia*, daga Latin zuwa Faransanci, ta kuma yi masa sharhi. Ta kammala aikin ne gab da rasuwarta, wadda ta zo 'yan kwanaki bayan ta haihu, tana da shekara 42. An buga fassarar bayan rasuwarta, kuma har yau ana amfani da ita.

* Humphry Davy (1778–1829). Masanin sinadarai, an haife shi a garin Penzance na Ingila. A 1807 ya yi amfani da wutar lantarki ya ware sinadaran fotashiyam da sodiyam, a shekarar da ta biyo ya ware kalsiyam da wasu. A 1815 ya ƙirƙiro fitilar masu haƙar kwal. Kafin nan, fitilar da harshenta ke a buɗe takan kunna iskar gas da ke cikin rami, ramin ya yi bindiga, mutane su mutu. Davy ya lulluɓe harshen wutar da ragar ƙarfe mai ƙananan huji, wadda ke shanye zafin ta hana wutar kama gas ɗin da ke waje. Shi ne kuma ya ɗauki Michael Faraday aiki a 1813.

* Joseph Henry (1797–1878). Ba'amurke da ya yi bincike a kan alaƙar lantarki da maganaɗisu. Shi ne sakataren farko na Cibiyar Smithsonian, daga 1846. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ake amfani da su a ilimin lantarki sunansa yake ɗauke da shi.

* Mary Cartwright (1900–1998). Masaniyar lissafi 'yar Ingila. Ita da J. E. Littlewood suka nazarci wasu lissafe-lissafe da suka taso daga aikin rediyo da na'urar hango jirage, kuma aikin nasu ya zama ɗaya daga cikin tushen ilimin da ke bayanin yadda ƙaramin canji a farko ke haifar da babban bambanci a ƙarshe. A 1947 ta zama mace ta farko a fannin lissafi da aka zaɓa cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya.

* Willard Libby (1908–1980). Ba'amurke masanin sinadarai da ya ƙirƙiro hanyar auna shekarun tsofaffin abubuwa da sinadarin kabon-14, a Jami'ar Chicago, a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ya daina, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 5,730. Idan aka auna ragowar a jikin itace ko ƙashi ko gawayi, sai a ƙiyasta lokacin da ya mutu. Da wannan hanya aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda aka tono a jihar Yobe ta yanzu bayan an gano shi a 1987, ya kai kimanin shekara 8,000. Libby ya samu lambar yabo ta Nobel a 1960.

* Kenneth Iverson (1920–2004). Ɗan Kanada, masanin kwamfuta. Shi ya ƙirƙiro harshen tsara manhaja mai suna APL, ya kuma samu lambar yabo ta Turing a 1979.

Wasanni

* Peter Snell (1938–2019). Ɗan tseren New Zealand. Ya ci zinare a gudun mita 800 a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya sake ci a Tokyo a 1964, inda ya haɗa da na mita 1,500.

* Paula Radcliffe (an haife ta 1973). 'Yar Ingila mai gudun fanfalaki. A Landan a 2003 ta kammala tseren cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, tarihin da ya tsaya shekara 16 kafin Brigid Kosgei ta Kenya ta karya shi a 2019.

* Manny Pacquiao (an haife shi 1978). Ɗan damben zamani daga Filifin. Ya taso cikin talauci, ya zama ɗan dambe ɗaya tilo da ya ci kambun duniya a rukunin nauyi takwas. Ya kara da Floyd Mayweather ranar 2 ga Mayu 2015, ya sha kaye da maki. Ya zama sanata daga 2016 zuwa 2022, ya nemi shugabancin ƙasa a 2022 bai yi nasara ba.

* David Rudisha (an haife shi 1988). Ɗan Kenya. Ranar 9 ga Agusta 2012 ya ci zinare a gudun mita 800 a Olamfik ta Landan cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91, ya kafa tarihin duniya. Ya sake cin zinaren a Rio a 2016. Tun daga Snell babu namijin da ya ci wannan tsere sau biyu a jere sai shi, kuma tsakanin haihuwarsu shekara 50 ce daidai.

* André Ayew (an haife shi 1989). Ɗan ƙwallon Ghana, ɗan Abedi Pele, an haife shi a Faransa. Shi ne kyaftin ɗin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta ci kofin duniya a Masar a 2009, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ci wannan kofi. Ya buga wa Marseille da Swansea da West Ham.

* Martin Ødegaard (an haife shi 1998). Ɗan ƙwallon Norway. Real Madrid ta ɗauke shi a Janairu 2015 yana da shekara 16. Ya koma Arsenal a 2021, ya zama kyaftin ɗinta a 2022.

Adabi da fina-finai

* John Greenleaf Whittier (1807–1892). Marubucin waƙoƙi Ba'amurke da ya shafe shekaru yana yaƙi da cinikin bayi ta hanyar rubutu da aikin jarida.

* Penelope Fitzgerald (1916–2000). Marubuciya 'yar Ingila. Sai da ta kai shekara sittin littafinta na farko na ƙagaggen labari ya fito, amma ta ci lambar yabo ta Booker a 1979 da littafin *Offshore*.

* John Abraham (an haife shi 1972). Jarumin fina-finan Indiya, ya yi suna da fim ɗin *Dhoom* na 2004.

* Milla Jovovich (an haife ta 1975). An haife ta a birnin Kyiv, ta taso a Amurka. An fi saninta da jerin fina-finan *Resident Evil*.

* Riteish Deshmukh (an haife shi 1978). Jarumin fina-finan Indiya, an fi saninsa da na barkwanci. Mahaifinsa, Vilasrao Deshmukh, ya taɓa zama babban ministan jihar Maharashtra. Rana ɗaya kuma shekara ɗaya aka haife shi da Pacquiao.

Kasuwanci

* Burt Baskin (1913–1967). Ba'amurke, shi da surukinsa Irv Robbins suka kafa kamfanin Baskin-Robbins mai sayar da ƙanƙarar madara.

* Kerry Packer (1937–2005). Attajirin Ostireliya mai gidajen talabijin da mujallu. A 1977 ya kafa wata gasar kurket ta kansa, wadda ta sauya yadda ake nuna wasan a talabijin da kuma yadda ake biyan 'yan wasa.

Tabbatar da ranar haihuwa

Jerin sunaye irin wannan ya dogara ne kacokan a kan rubuce-rubuce, kuma ba kowane rubutu ne yake nufin abin da ake zato ba. Akwai abubuwa huɗu da kan kawo ruɗani.

*Ranar baftisma.* A Turai, kafin gwamnatoci su fara rajistar haihuwa, coci ne ke ajiye littafi, kuma abin da ake rubutawa shi ne ranar da aka yi wa jariri baftisma. Shahararren misali shi ne mawaƙin Jamus Ludwig van Beethoven (1770–1827). Jeri da yawa suna sa shi a 17 ga Disamba, alhali abin da littafin coci na birnin Bonn ya nuna shi ne an yi masa baftisma a wannan rana. Tunda al'adar yankin ita ce a yi wa jariri baftisma cikin kwana guda da haihuwa, masana da yawa sun fi karkata ga 16 ga wata. Shi kansa Beethoven ya daɗe yana ɗauka cewa shekarunsa ba su kai yadda suke ba. Shi ya sa ba a sa shi cikin jerin da ke sama ba.

*Canjin kalanda.* Kalandar da ake amfani da ita yanzu ta fara aiki ne a 1582, bisa umarnin Paparoma Gregory na 13, ta maye gurbin tsohuwar kalandar Julius Kaisar. Ƙasashe ba su karɓe ta lokaci ɗaya ba: Birtaniya sai a 1752, Rasha sai a 1918. Faransa ta yi tsalle daga 9 ga Disamba zuwa 20 ga Disamba a 1582, saboda haka babu ranar 17 ga Disamba a wannan shekara a can. Duk wanda aka haifa kafin ƙasarsa ta yi canjin yana iya samun kwanan wata biyu, na tsohon lissafi da na sabo.

*Bambancin Miladiyya da Hijiriyya.* Shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka mutanen da suka haɗu a ɗaya ba lallai su haɗu a ɗayar ba. Haihuwar Paparoma Francis ta zo ne a farkon watan Shawwal na 1355, ta Buhari kuwa a Zulhajji na 1361.

*Rashin rajista.* A wurare da yawa ba a rubuta ranar haihuwa, sai dai a danganta ta da wani abin da ya faru, kamar fari ko naɗin sarki. A al'adar Hausawa ranar mako aka fi riƙewa, kamar yadda laƙabobi irin su Ɗanladi da Ladi, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai suka nuna. Idan aka zo cike takardu babu shaidar haihuwa, sau da yawa akan rubuta 1 ga Janairu, abin da ya sa wannan rana ta yi yawa a takardun 'yan gudun hijira da baƙin haure. A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin rajistar haihuwa.

Abin da lissafi ya nuna

Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8 a Nuwamba 2022. Idan aka raba wannan adadi da kwanakin shekara, kowace rana za ta samu kusan mutum miliyan 22. Saboda haka duk ranar da aka ɗauka, za a samu shugabanni da malamai da 'yan wasa da aka haifa a cikinta.

Ko a ƙaramin taro ma haɗuwar tana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Idan aka ɗauka cewa haihuwa ta bazu daidai a kwana 365, to cikin mutum 23 yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta kai kashi 50.7 cikin 100. Cikin mutum 57 ta haura kashi 99, cikin mutum 70 kuma ta kai kashi 99.9. Dalili shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da saura ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da haɗin biyu-biyu har 253. 'Yan wasa 22 da alƙalin wasa a filin ƙwallo sun isa wannan adadi. Amma idan wata rana takamaimai ake nema, kamar 17 ga Disamba, sai an tara mutum 253 kafin yiwuwar ta haura rabi.

Masu duba taurari na Yammacin duniya suna sa 17 ga Disamba a ƙarƙashin burujin Ƙausu, suna kuma danganta wasu halaye ga waɗanda aka haifa a lokacin. Binciken kimiyya bai tabbatar da wata alaƙa tsakanin burujin mutum da halinsa ko sana'arsa ba. Jerin da ke sama ya ƙunshi soja da limamin coci da ɗan dambe da masaniyar lissafi, kuma abin da ya fi bayyana a tarihin kowannensu shi ne gidan da ya fito, da ilimin da ya samu, da zamanin da ya rayu a ciki.

Wasu abubuwan da suka faru a ranar

* 1273: Jalaluddin Rumi, malamin Sufaye kuma mawaƙin Farisanci, ya rasu a Konya, cikin Turkiyya ta yanzu.
* 1830: Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yancin ƙasashen Kudancin Amurka, ya rasu kusa da Santa Marta a Kolambiya.
* 1903: Orville da Wilbur Wright suka tashi jirgin sama mai inji kusa da Kitty Hawk a Amurka. Tashin farko ya ɗauki daƙiƙa 12, ya yi nisan kimanin mita 37.
* 1907: An naɗa Ugyen Wangchuck sarkin Bhutan na farko. Ranar ce ƙasar ke bikin ranar ƙasa.
* 2010: Mohamed Bouazizi, mai sayar da kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, abin da ya haifar da boren da ya bazu zuwa wasu ƙasashen Larabawa.
* 2014: Amurka da Kyuba suka sanar da shirin maido da hulɗar jakadanci bayan sama da shekara 50. Paparoma Francis na cikin waɗanda suka shiga tsakani, kuma sanarwar ta zo ne ranar da ya cika shekara 78.